Inci Tara Ba Kwata

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: tun da wannan abu ya faru, ba na iya gaisawa da mutum ban saci kallon hannunsa ba. Fasto, mai aski, surukina, duk na auna su da ido. Nawa ma na auna, da tef, a bayan gareji inda matata ba za ta gani ba. Abin da na samu ya tsaya tsakanina da tef ɗin. Labarin dai ba nawa ba ne, na maƙwabcina ne, Lonzo Pettway.

Lonzo magini ne. Rabin bulon da ke tsaye a garinmu na kudancin Alabama shi ya jera. Magana ɗaya ya riƙe a duniya, wai tef ba ya ƙarya. Ya faɗa wa leburori, ya faɗa wa masu gidan da suka rantse ɗakinsu ya fi haka faɗi, har fasto bai tsira ba lokacin da aka yi gardamar tsawon mumbari.

Ɗansa Kedrick yana ƙungiyar jami'ar da ke kusa da mu, a irin ƙwallon nan da ake jifa da cafewa da hannu. Shi ne kwatabak, wato mai jifa, wanda kowane hari daga hannunsa yake tashi. Kafin zuwansa, ƙungiyar nan shan kashi ne abincinta. Yaron ya riƙe ta shekara uku, mutane suka daina tashi daga kallo tun kafin a tashi wasa. Lonzo kuwa ya gama yanke hukunci shi kaɗai: idan manyan ƙungiyoyin ƙwararru suka zauna zaɓen 'yan wasa a watan Afrilu, za a kira sunan ɗansa tun abinci bai huce ba.

Sai aka gayyaci yaron babban taron awo, inda masu farautar 'yan wasa suke tara samari, su tuɓe su, su ɗora su a sikeli, su sa su gudu da tsalle. Kedrick ya yi gudu, ya yi tsalle, ya yi jifa, ba a samu abin faɗa ba. Daga nan wani ya ce ya buɗe hannun dama, ya ja tef daga kan babban yatsa zuwa kan ƙaramin. Inci tara ba kwata.

Mutanen nan suna da wata ƙa'ida da babu wanda ya san wanda ya kafa ta. Mai jifan da hannunsa bai kai inci tara ba, wai ƙwallo za ta riƙa suɓuce masa idan ana ruwa ko sanyi. Kafin yaron ya dawo gida, masu sharhi a talabijin sun gama ɗaga hannayensu suna nuna wa duniya yadda kwatan inci yake.

Wakilin yaron, Mista Hoke, ya bugo waya ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Kedrick ya ajiye wayar a kan teburin kicin don kowa ya ji.

"Ba zan ɓoye muku ba," in ji Hoke, "mun ɗan yi ƙasa. Da ina maganar zagaye na uku na zaɓen. Yanzu sai dai mu ce na ƙarshe, in an dace. Ƙungiyoyi biyu kuma sun tambaya ko zai yarda ya bar jifa ya koma cafewa, tunda yana da gudu."

Lonzo ya ajiye cokali. "Mista Hoke, tsaya in gane. Hannun ya yi ƙanƙanta da jifa, amma ya isa cafewa?"

"Ni saƙo nake kawowa, Mista Pettway."

"To mayar musu da nawa. Shekara uku suna da hotunan wasan yaron nan, kowane jifa yana ciki. Ba su da ido ne? Alfadari ma in za a saya, akan sa shi ya ja garma a gani, ba kofato kaɗai ake dubawa ba. A tuɓe mini ɗa a gaban jama'a, a auna shi kamar katako, sannan a ce ya sake sana'a?"

Bayan an kashe wayar Lonzo ya miƙe ya ɗauko tef ɗinsa daga mota. Ya tabbata wani ɗan ofis ne da bai taɓa riƙe tef ba ya yi shirme. "Buɗe hannun nan," ya ce.

Kedrick ya shimfiɗa hannu a kan tebur, ɗayan yana riƙe da burodin masara. Lonzo ya auna. Ya goge tabarau ya sake aunawa. Ya juya yaron wajen hasken taga ya ƙara. Abin da ya samu bai ma kai na mutanen can ba, ashe alfarma suka yi masa.

"Nawa, Baba?"

"Ci abincinka."

Verlene, uwar yaron, tana tsaye bakin murhu. Ta gama juya tarwaɗar da ke cikin mai tukuna. Sannan ta ɗaga hannunta, dogayen yatsu kamar na mai kaɗa garaya, ta jujjuya shi a iska. "Ni dai ga nawa," ta ce. "An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. To ya gaja. Me ake wa faɗa?"

Lonzo ya zura hannayensa cikin aljihu, kuma a nan suka wuni.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba shi da wanda zai kama. Da mutum ne ya zagi ɗansa, ya san hanyar gidansa. Amma tef ne, abokinsa na shekara talatin. Ya daina faɗin maganarsa a wurin aiki. Da wani lebura ya tuna masa da ita cikin raha, sai da ya kwashe yini yana dakon siminti shi kaɗai.

Akwai sauran dama ɗaya. A watan Maris jami'ar takan shirya ranar gwaji, masu farauta su zo su sake auna 'yan wasanta a gida. Lonzo ya ji an ce hannu yana buɗewa in an matsa masa. Sai ya tuna da Sista Ozella Mims, mai kaɗa fiyano a cocinmu, 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗarsa ba amma yatsunta suna haɗa maɓallan da maza ba sa iya haɗawa.

"Ɗan'uwa Lonzo," ta ce da ya kai mata maganar, "wannan aikin tun yaro yana shekara shida ake farawa. Na ce ka kawo mini shi a lokacin, ka ce fiyano na 'yan mata ne."

"Na faɗa, Sista. Yanzu ga shi na kawo."

"Da gemunsa."

Ta dai karɓe shi. Kullum da yamma sai a ga ƙaton saurayi a kan ɗan bencin fiyano, ta jiƙa masa hannu a ruwan ɗumi, ta murza, ta buɗe yatsun tana matsawa har ya cije leɓe. Lonzo yana zaune a kujerar baya da tef a cinya, yana yi wa kujerun da babu kowa huɗuba a kan masu farauta: mutanen da ba su taɓa jefa ko lemo ba, sun zauna a otel suna yanka rabon 'ya'yan mutane. Kedrick bai cika tanka masa ba. Sau ɗaya dai ya ce, "Baba, ni fa ƙwallon ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba." Kafin ranar gwaji ya iya waƙoƙin coci biyu da hannu ɗaya.

Ranar ta zo da rana tarwai, ko gajimare babu. An ce iyaye su zauna a sama, wurin 'yan kallo, su yi shiru, Verlene kuma ta sa Lonzo ya yi alkawari tun a mota. Masu farauta sun fi ashirin. Wanda ya riƙe tef wani dattijo ne mai suna Garrity, daga wata ƙungiya ta can arewa inda ƙanƙara ke zuba, kuma ita ce Hoke ya ce ta fi nuna sha'awa. Ya ja tef ɗin, ya duba, ya faɗa da ƙarfi don sauran su rubuta. Wahalar Sista Ozella ta ƙara rabin kwata. Saura rabin kwata ya cika tara, kuma saura ba ta cika ba.

Lonzo ya ga kawuna sun sunkuya ana rubutu. Ya ga biyu daga cikinsu sun duba agogo. Alkawarin da ya yi a mota ya tsaya a mota. Ya sauka, ya fita wajen da ya ajiye motarsa, ya dawo da bokitin kwaɓa siminti. Ya ratsa ta wajen da 'yan wasa ke shan ruwa, ya juye ƙanƙararsu da ruwansu a ciki, ya ɗauko shi har tsakiyar fili yana tafe yana zuba.

"Yallaɓai, ba a shiga nan," in ji wani mai gadi.

"Na riga na shiga, ɗana." Ya dire bokitin a gaban masu farauta. "An ce ruwa da sanyi kuke tsoro. To Allah bai aiko da su yau ba, ni na kawo. Gani ya kori ji."

Kedrick ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Baba, don Allah. Kowa yana kallo."

"Abin da ya kawo su ke nan. Miƙo ƙwallon."

Yaron ya dubi kocinsa, koci ya dubi sama. Sai yaron ya miƙa. Lonzo ya danna ƙwallon cikin ruwan ƙanƙara, ya riƙe ta kamar fasto yana baftisma, ya ciro ya ba shi tana ɗiga. Kedrick ya ja da baya ya sake ta. Ta tafi tana juyawa tana fesa ruwa, ta sauka a ƙirjin mai cafewa can nesa. Lonzo ya tsoma wata. Haka suka yi ta yi, gajere da dogo, hagu da dama, har yatsun uban suka daina jin komai. Sau ɗaya ƙwallo ta suɓuce ta faɗi ƙasa, kuma daga hannun Lonzo ne.

Da aka gama ya nufi Garrity, rigarsa sharkaf. "To, yallaɓai? Wannan ma ka rubuta, ko tef kaɗai ke da shafi a littafinka?"

Garrity ya cire hula ya share goshi. "Na gani, Mista Pettway. Yaronka ya iya jifa, tun bara na sani."

"To me ya rage?"

"Bari in gaya maka yadda aikina yake. In na kawo yaro mai hannu inci goma ya yar da ƙwallo a cikin ruwa, za a ce ƙaddara ce. In na kawo naka ya yar da ita sau ɗaya, za a ce Garrity bai iya karanta tef ba. Ni ma ina da iyali."

"Wato kai ma ba ka yarda da ƙa'idar ba."

"Ban taɓa haɗuwa da wanda ya yarda da ita ba. Bi dai muke yi."

Ya miƙo hannu su yi sallama. Hannun ya haɗiye na Lonzo har wuyan hannu, kamar faranti a kan ƙoƙo. Lonzo ya tambaye shi wane wuri ya riƙe lokacin da yake wasa. Garrity ya ce shi bai taɓa wasa ba, ciwon asma gare shi tun yana yaro. Verlene ta ce har suka iso gida mijinta bai daina maimaita wannan ba, kuma sau biyu ya wuce kwanar gidansu.

Kwana uku ake yi ana zaɓen. Ranar farko Lonzo ya ce dama bai sa rai ba. Rana ta biyu ƙungiyar Garrity ta ɗauki wani mai jifa mai hannu inci goma, wanda Kedrick ya lallasa ƙungiyarsu a bara a gaban iyayensa. Lonzo ya miƙe ya yi wa talabijin magana mai tsawo, har Sista Ozella ta ce ya tuna akwai 'yan coci a ɗakin. Rana ta uku gidan ya cika da 'yan'uwa da maƙwabta, ni ma ina ciki, kusa da tarwaɗa. Aka yi ta kiran sunayen 'ya'yan wasu. Shayi mai ƙanƙara ya ƙare, hira ta mutu, masu wayo suka fara tuna suna da uzuri. Kedrick ya fita baranda ya zauna shi kaɗai, wayarsa a kife a kan gwiwa.

La'asar ta yi, zagaye na ƙarshe ya kusa ƙarewa, sai wayar ta yi ƙara. Ta taga muka gan shi ya miƙe tsaye, yana ta cewa, "I, yallaɓai. Na gode, yallaɓai." Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. Wata ƙungiya ce ta can yamma.

Lonzo bai tashi daga kujera ba. "A matsayin me?"

"Mai jifa, Baba."

Verlene ta rufe fuska da tawul ɗin kicin. Lonzo ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka riga suka sa hula. "Bokiti ne," ya ce. "Labarin bokitin nan ne ya kai musu. Da na zauna a sama na yi shiru kamar yadda wasu suka so, da yanzu yaron nan yana koyon cafewa."

"Wasu suna jinka," in ji Verlene daga cikin tawul.

Har yau bai sauka daga kan wannan ba. Bokitin ya yi ritaya daga siminti, yana rataye a shagon aski, kuma duk baƙon da ya zauna a kujera sai ya ji yadda magini ya koya wa manyan ƙungiyoyi hankali da ruwan ƙanƙara. Fushin ma bai huce ba, ya dai samu wurin zama. Sista Ozella tana cewa rabin kwatanta ne ya yi aiki, amma ita ba ta da abin ratayewa.

Filin ƙungiyar da ta ɗauki Kedrick rufaffe ne ta sama. Tun da aka gina shi, ruwan sama bai taɓa sauka a cikinsa ba.