Huci a Motar Yaya

Tun da wata malama ta gaji motar marigayi yayanta, duk lokacin da ta kunna esi, na'urar sanyaya mota, sai ta ji huci a ƙarƙashin sitiyari, sak numfashinsa a gadon asibiti. In ta hau tudu kuma, sai iskar ta bar fuskarta ta koma gilashi, kamar wani ya juya ta.

Da ta kai motar gyara, bakanike ya hura hayaƙi cikin wani siririn tiyo, suka ga yana fita ta wata tsaga.

"Robar ce ta tsufa, Malama, iska take zuƙa. In canza?"

Ta daɗe tana kallon hayaƙin kafin ta gyaɗa kai.

A hanyar gida ta kunna esi, amma babu sauran huci, motar ta yi tsit. Ta gangara gefen titi, ta ce, "Yaya?" Babu abin da ya amsa.