An Wanke wa Gado Blinde

Gado mai gyaran agogo ne a garinmu, can gefen Buza, har lokacin da salula ta zo ta kashe masa sana'a. Mutane suka daina ɗaura agogo, shi kuma aka bar shi da ɗan tebur, da gilashin da yake maƙalawa a ido, da hantsaki mai bakin allura. Ana nan sai ƙanensa da ke aikin gini a Aljeriya ya aiko masa da wani kwali. Gutsattsarin roba ne a ciki, sun fi ɗari uku, da takarda mai zane. In ka haɗa su daidai motar yaƙi ce za ta fito, irin mai sulken nan da muke kira blinde, tsawonta bai wuce tafin hannu ba.

Wata biyu ya yi yana haɗa ta. Sauran wata biyar kuwa, a ganina na lokacin, ɓata ta ya yi ta yi. Ya je har fadamar Tama ya ɗebo jar ƙasa, ya tace ta da tsohon ɗankwalin matarsa, ya kwaɓa da ƙaro, yana ɗiga wa ƙafafun motar da gashin zabo. Ya dafa shayi har ya ƙone, ya yi mata tsatsa da shi. Ya sa allura ya kankare fenti daidai inda soja zai taka in zai hau.

"Gado, mi kaka yi haka?" na tambaye shi wata rana. "Mota sabuwa hul ka maishe ta gwanjo."

"Motad da tat tahi daji ba ta komowa da tsabta," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Wagga ta yi kwana arba'in bisa hanya."

Gado bai taɓa soja ba. Iyakarsa da blinde ya hango ta tana wucewa a kan titin Tawa, sai hotunan da yake ƙura wa ido a salular da ta raba shi da abincinsa. Buri ɗaya ya rage masa, kuma ya sha faɗa mini: wani wanda ya san blinde ciki da waje ya dubi tasa ya ce, i, haka take.

Sai ga labari Kolonel Alƙasim, ɗan garinmu, ya yi ritaya zai zo gida gaisuwa. Nan da nan aka kafa komiten tarba. Alhaji Maiguwa dillalin albasa ya zama perezidan, don shi ne mai kujerun roba. Ni aka ba sakatare, don rubutuna yana karantuwa. Muka tsayar da kyauta: rago, buhun albasa, sai wani ya tuna da motar Gado. Da aka aika masa, murna ta hana shi cin tuwo.

Ya kawo ta kan faranti, ya yaye ƙyalle a hankali. 'Yan komite muka dubi juna. Mu mutane ne da ko ragon kyauta sai mun yi masa wanka da sabulu kafin ya ga babban mutum, ga shi an aje mana abu duk laka.

"Wanga datti hwa?" in ji Maiguwa.

Mushe Nazifi, kamar yadda muke kiran tsohon malamin lakkol, wato makarantar boko, ya gyara tabarau ya rage murya. "Ku dai yi tunani. Zamanin ga, mu ba babban soja mota mai tsatsa? Za a ce muna nuhin sojanmu..." Bai ƙarasa ba. A shekarun nan irin wannan maganar ba mai ƙarasa ta, kowa sai ya dubi ƙofa.

Gado ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Da ya ga ba mai ji, ya miƙa hannu zai ɗauki abarsa. Nan Maiguwa ya koma zuma. Ya ce ai wasa ake, a bar ta a kabad ɗin komite don a naɗe ta da sauran kaya, ya rantse ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba. Gado na fita aka ce masu son a wanke su ɗaga hannu. Hannu bakwai suka tashi. Na bakwai nawa ne, ba zan ɓoye ba.

Mai yi wa ƙyaure da amalanke fenti aka kira. Ya sa buroshin haƙori da ruwan kumfa ya dirje aikin wata biyar kafin a kira azahar. Ƙananan jarkokin da ke bayanta suka zube, aka share su da ƙafa. Ya shafe ta da koren fentin ƙofa mai sheƙi, kauri kamar kunu, har ƙyauren direba ya ɓace. A gefenta ya rubuta BARKA DA ZUWA da fari. Maiguwa ya fesa mata turare da hannunsa, aka sa ta a kwano aka rufe da faifai.

Ranar tarba bayan la'asar, rumfa ta cika. Gado yana layi na uku cikin rigarsa ta Salla, sai gyara hula yake yi. Aka ja rago, aka jawo albasa, sannan Maiguwa ya ɗauki kwano da hannu biyu ya durƙusa gaban baƙo. Kolonel ya ɗaga faifai.

Ni fuskar Gado nake kallo. Bakinsa ya buɗe, bai sake rufuwa ba.

Kolonel ya ɗaga motar sama, ya jujjuya ta, ya shinshina, ya tuntsire da dariya. "Ma sha Allah! Shekara talatin ina cikin abin ga, ban taɓa ganin mai walƙiya haka ba, ko ranad defile da soja ka hwareti. Wanda yay yi ta ya iya haɗi, amma wallahi bai taɓa ganin blinde da idonai ba. Wa na?"

Maiguwa ya riga ya buga ƙirji zai ce aikin komite ne. Hannun nan da ke kan ƙirji ya juya a iska, ya nuna layi na uku. "Ga shi can, mon kolonel. Gado."

Gado ya miƙe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kolonel mutumin kirki ne, da tausayi ya yi masa magana.

"Baba, ka yi ƙoƙari. Amma in za ka sake wata, tahi bakin hanya ka duba da kyau. Ƙasa takan cika ƙahwahunta. Tsatsa tana nan wajen da hayaƙi ka hita. Hwenti yakan kankare inda yara ka takawa su hau. In babu wanga, abin wasa na kawai."

"Wallahi haka munka ce mai," in ji Maiguwa, yana girgiza kai cike da takaici. "Tsoho na, ba ya jin magana." Mushe Nazifi ya gyaɗa kai, sauran 'yan komite suka bi.

Gado ya waiwayo ya dube ni. Littafin komite yana kan cinyata, sunayen mutum bakwai ɗin nan suna ciki da rubutuna mai karantuwa. Buɗewa kawai zan yi in miƙe. Na sunkuyar da kai ina neman murfin biro wanda yake hannuna.

"Na ji, mon kolonel," in ji Gado. "Zan duba."

Maiguwa ya fara tafi, rumfa ta ɗauka. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Amma Alhaji yana kallon layinmu, sai ni ma na tafa, har tafina ya yi zafi.