Bokitan Rosaire Marasa Murfi

Ghislaine ta leƙa bokitin da ke rataye a jikin itacen mapul, wanda ake tatsar ruwansa a dafa ya zama maɗi, sai ga ɓera a cikin ruwan, ya kumbura suntum, ƙafafu a sama. Tir!

"Rosaire! Zo ka ga aikin taurin kanka."

Mijin nata ya taho yana nutsewa cikin dusar ƙanƙara har gwiwa. Shekara da shekaru tana fama da shi ya sa wa bokitan nan murfi kamar kowa a yankinsu na Beauce, shi kuwa ya kafe. Na katako ne, gadon ubansa, kuma wai ruwan itace sai ya sha iska yake yin zaƙi. Ya kama ɓeran ta wutsiya ya wurgar, ya ciro bokitin ya juye a gangar da doki ke ja. Ko a jikinsa.

"Ka juye? A ganga?"

"To a aljihu zan zuba? Wuta ba ta barin ƙazanta, tsohuwa. In ya tafasa ya zama maɗi, wa ya san da wani ɓera?"

"Ni na sani, ƙazamin banza! Gobe Fleurette za ta zo. Da wannan za ka yi mata alewa?"

Fleurette jikarsu ce daga birni, ba ta taɓa cin alewar da ake zubawa a kan ƙanƙara ba. Tun lokacin kaka Ghislaine ta yi mata alkawari.

Rosaire ya tsoma moɗa a gangar, ya kwankwaɗa har yana lumshe ido. "Kin gani? Na mutu?"

Ƙyama ta ishe ta. Ta zagaya bayan ganga ta fizge katakon da ya toshe ƙasanta. Ruwan farkon shekara, wanda ya fi kowane haske, ya yi ta bulbula cikin ƙanƙara.

"Ke! Kin haukace? Wahalar yini guda!"

Bai rufe baki ba ruwan ya tsaya cak, ga shi ko rabin gangar bai zube ba. Wani abu ya toshe ramin daga ciki. Rosaire ya naɗe hannun riga yana ƙunƙuni, ya zura hannu har kafaɗa, wai ganye ne.

Ba ganye ba ne. Kurege ne, gashin duk ya saɓule, naman yana narkewa a yatsunsa. Allah kaɗai ya san kwanansa nawa da mutuwa. Wari ya buge su, har dokin ya kau da kai.

Rosaire ya dubi moɗar, ya dubi hannunsa. Ya durƙusa ya yi ta kelaya amai, yana cusa ƙanƙara a baki yana tofarwa. Ghislaine ba ta ce masa sannu ba.

Da ya miƙe, da kansa ya sa kafaɗa ya kifar da gangar.

"Saura kaɗan in sa wa yarinyar wannan a baki," ya ce.