Shafuka a Kan Igiya

Ambaliyar da aka yi a layinmu ta shiga masallaci, ta shiga coci, ta kuma shiga gidan tsohon likitan ido, Bayahuden da ke zaune shi kaɗai a bayan kantin magani. Da ruwa ya janye, kowa ya kwaso littattafansa sharkaf ya kawo wa Baba, don shi kaɗai ne mai ɗinkin littafi a unguwar. Ni nake kama masa aiki tun da ganinsa ya fara rauni.

Muka warware ɗinki, muka ja igiyoyi daga bango zuwa bango, muka shanya shafuka kamar wanki. Igiyoyin ba su isa ba, dole tafsirin liman ya yi maƙwabtaka da littafin fasto, na likita kuma ya shige tsakaninsu. Wani da ya kawo gyaran rajista ya ɗauki hoto, ban ma kula ba.

Washegari da hantsi ƙanwata ta kira ni.

"Yaya, kin duba waya? Hoton shagon Baba ne ke yawo. Wai an yi annabcin cewa a ƙarshen zamani za a ɗinke littattafai uku su zama ɗaya, wai ga shi an fara."

Na karanta wa Baba. Ya ajiye allura ya ce, "A wane littafi aka faɗi haka?" Likita na nan, ya zo duba nasa littafin. Hularsa kawai ya cire ya cusa a aljihu.

Kafin azahar muka fara jin su. Da fari babura, sannan muryoyi. Na ja ƙofar ƙarfe na sa sakata. Dutse na farko ya fasa tagar sama, gilashi ya zubo kan teburin yanka. Sai warin fetur ya shigo ta ƙasan ƙofa. Na dubi sama, takarda ce ko'ina, ta bushe ƙayau.

"Idan ni suke nema, bari in fita," in ji likita.

"Zauna, Likita. A shagona kake," in ji Baba. "Ke, kai shi bayan injin matse takarda."

Na riƙe rigar Baba. "Don Allah kada ka buɗe."

"In ban buɗe ba, da mu za su haɗa su ƙone."

Ya zare sakatar. Wanda ke gaba mai walda ne, shi ya ƙera mana ƙofar nan da hannunsa. Yau ko gaisuwa babu. Galan a hagu, ashana a dama, bayansa mutane sun toshe hasken titi.

"Tsoho, ware mana namu. Sauran wuta za su ci."

"Ɗana, idona ya mutu. Kai da ka yi karatu, shigo ka ware."

Ya shigo yana sunkuyar da kai don kada ya taɓa igiya. Ya ciro shafi ɗaya na Larabci, leɓensa na motsi. Na ji ya karanta sunan Allah, sai Musa, sai Fir'auna.

"Wannan namu ne."

Baba ya shafa takardar da yatsa. "Na fasto ne. Littafin kakansa ne, da Larabci yake karatu."

Mai walda ya sake ta kamar ta ƙone shi, ya kuma cafe ta kafin ta kai ƙasa. Ya ciro wani. Nan Ibrahim ne da baƙinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan fa?"

"Ka faɗa mini," in ji Baba.

Daga waje wani ya yi ihu, "Me kake jira? Kunna!" Aka fara turowa. Ina jin numfashin likita a bayan injin, kamar ana jan zarto. Da mai walda ya ƙara taku biyu, da ya ga takalmin likita.

Gumi ya jiƙa wuyan mai walda. Ya juya, ya tokare bakin ƙofa da kafaɗunsa.

"Ba mai ƙyasta komai! Akwai sunan Allah a ciki. A kira liman ya ware."

Suka zage shi. Wani dutse ya wuce kafaɗarsa ya sami Baba a goshi. Awa guda muka yi a haka, ina danne jinin da mayafina, galan na ajiye a ƙasa ba murfi. Da liman ya iso, ya yi ta magana har muryarsa ta dushe, suka watse a hankali, wasu na waiwayen shagon.

Da la'asar muka fitar da likita ta ƙofar baya. Bai iya tafiya ba sai da na tallafe shi. Kwana uku bayan haka 'yarsa ta zo da mota ta ɗauke shi, ba sallama.

Littafinsa na nan, shafi ɗari huɗu da wani abu, a warwatse. Baba ya ce sai mun ɗinke shi, amana ce. Na zauna da allura ina juya shafukan, duk da rubutun Yahudawa ne, ban iya karanta shi ba. Ban san na farko ba, ban san na ƙarshe ba, kuma duk unguwar babu wanda zan tambaya.