Sarkin Tsakuwa a Kan Kwalta

Motar ta wulwula sau ɗaya da rabi a kwanar hanya ta uku, ta tsaya tana kallon inda ta fito. Kuramochi Genzo ya kai wa sitiyari duka.

"Wannan ba mota ba ce, kwale-kwale ne!"

"Kwale-kwalen da ka ce a haɗa maka," in ji Tomoe, mai karanta masa hanya, ko ɗagowa daga littafinta ba ta yi ba. "Juya mu, Gen-san. Agogo bai san girmanka ba."

Shekara ashirin da biyu Genzo yana tseren mota a hanyoyin tsakuwa na tsibirin Hokkaido, inda ake jefa mota a karkace, ta zame, ta fito cikin ƙura jama'a na ihu. To yau ga shi a duwatsun Gunma, kan siririyar kwalta, ita kuwa kwalta ba ruwanta da wani sarkin tsakuwa. Gogan naka ya sa an ɗaga masa mota, an sassauta shokozoba, sai ka ce mai shirin shiga gona. Mai ƙungiyar tserensu kuma ya riga ya yanke magana: baɗi mota ɗaya zai fitar. Tsakanin Genzo da Shiraishi, wadda shi da kansa ya koya wa riƙon sitiyari, wanda ya riga wani yau shi ke da kujera.

Kafin tsakar rana Shiraishi ta ba shi ratar sakan arba'in.

A rumfar gyara ya tare Nakagomi, babban makanike. "Me ke damun motar nan?"

Nakagomi ya ja iska ta haƙora, ya sosa ƙeya. "Motar dai... tana ƙoƙari, Kuramochi-san."

Kwana uku ke nan yana jan iskar nan. Wa zai dubi wanda ya girme shi a sana'a ya ce masa ka yi kuskure?

"Bari in yi maka tafinta," Tomoe ta ce, bakinta cike da dunƙulen shinkafa. "Ya ce motar lafiyarta ƙalau, direban ne."

Taku goma ne zuwa inda Shiraishi take zaune, amma da ƙyar ya taka su. Kunya kamar ya nutse. Ya sunkuya mata. Nan take makanikai duk suka tuna suna da aiki a ƙarƙashin mota.

"Saitin motar da kika yi tsere da shi da safe, ki ara mini."

Ta zabura ta miƙe, ta sunkuya fiye da shi, ta yago takardar da aka rubuta saitin ta ba shi da hannu biyu. "Na safe, senpai?" ta tambaya, da sunan girman da suke kiran na gaba a sana'a.

"Na safe na ce."

Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, amma ya riga ya juya. Takarda ya zo karɓa, ba karatu wurin ɗaliba ba.

Aka sauke masa motar, aka ɗaure shokozoba yadda takardar ta ce. Da rana hanyoyin safe aka maimaita. Farkon tafiya motar ta manne da kwalta, Genzo har da murmushi cikin hular kwano. Sai suka shiga daji. Ashe motoci sittin da suka bi da safe, kowacce ta yanke kwana ta kwaso ƙasa ta watsa a hanya. Tsakuwa, taɓo, ganye. Hanyar Hokkaido sak! Shi kuwa yana cikin mota ƙandararriya, cikinta na sharar ƙasa, tana tsalle a kan kowane dutse.

"Hagu uku, tsakuwa," Tomoe ta karanta. "Dama biyu, tsakuwa. Kai, Gen-san, gida ya biyo ka har nan, ya tarar ba ka nan."

Ratar ta kai minti guda da sakan shida.

A wurin ƙarewa ya tsaya yana duban motar Shiraishi. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, taɓo har rufi.

"Kin ɗaga ta," ya ce wa Shiraishi.

"Saitinka ne, senpai. Na karɓa wurin Nakagomi-san kafin ka zo."

"Kuma kika yi shiru?"

"Ba ka tambaye ni ba."

Mai ƙungiya ya taho da fara'a, ya wuce ta gefensa ya nufi Shiraishi. Genzo ya haɗa ƙafa, ya sunkuya ya yi mata murna da babbar murya, yadda ya kamata babba ya yi. Ya daɗe a haka, yana kallon takalminsa.

Tomoe ta taɓa kafaɗarsa.

"Ka iya ɗagowa. Sun tafi."