Rabin Katin Magani

A zaman makokin matata Mero, yabo ɗaya matan unguwa suka yi ta maimaitawa: ba ta taɓa hana kowa magani ba. Ina zaure ina jin su. Gaskiya suka faɗa. Mura ce ta zauna mata a kogon hanci, likita ya rubuta mata kafso, ta sha rabi ta ji sauƙi, ta rabar da sauran. Ciwon ya dawo ta bayan ido, ya haura kai. A gadon asibiti ba ta gane ni ba.

Bana kuma Hamna ce irin ciwon ya kama, 'yarmu tilo, mai aiki a sakatariya. Da farko likita ya ce a jira, yawancin irin wannan yana wucewa da kansa. Muka jira da ruwan gishiri da surace. Da aka haura kwana goma, kunci ya yi nauyi, ga zazzaɓi, sai ya rubuta amoksilin.

"Ta shanye duka," in ji shi, "ko ta ji garau."

"Na sani, likita. A gida aka koya mini."

Na ajiye katin maganin a aljihuna, ina ba ta da hannuna.

"Baaba, ni ba 'yar firamare ba ce," ta ce. "Ko in buɗe baki ka duba?"

"Buɗe."

Ta yi dariya irin ta uwarta.

Ranar Juma'a da safe maƙwabciyarmu Madam Patricia ta shigo, ta ɗaure goshi da ɗankwali.

"Baba Hamna, hanci na ya toshe, kai na kamar za a fasa. Ba ni biyu kawai. Mama Hamna yana ba ni kullum."

"Je ki asibiti, Patricia. Ƙila ma naki ba ya bukatarsa."

Ta juya fuska wajen ɗakin Hamna ta ɗaga murya. "Wannan gida ya canja."

Da zan tafi masallaci na sake riga, na bar katin a aljihun tsohuwar. Da na dawo na same shi a kan tebur, an yanke shi biyu, a miƙe tsaf. Almakashin Mero na gefe.

"Na warke, Baaba," in ji Hamna. "Ba za a ce gidan uwata ya canja ina raye ba."

Na tari keke zuwa kyamis na sayo wani katin. A ƙofar gida na ci karo da Patricia, tana fitowa da kwanon da ta juye mana dafa-duka.

"Mero bai mutu ba," ta ce mini. "Ya bar baya."

Na shiga na ajiye katin a gaban Hamna. Tana zaune tana danna ƙasan idonta na hagu da yatsa. Ta ɗaga katin, ta jujjuya shi.

"Mijin Patricia ma ya fara atishawa," ta ce.