Ƙafar Malam Ɗalha

Malam Ɗalha na Malisa mutum ne da ko tuwo zai ci sai ya juya wa ƙofa baya. Kunya gare shi irin ta mutanen da, wadda ba ta barin mutum ya ambaci sunan 'yarsa ta fari, balle ya yi dariya da ƙarfi a gaban yara. To irin wannan mutum Allah ya jarraba da kuturta, ciwon da ko marar kunya ya kama sai ya sunkuyar da kai.

Abin ya soma da wani tabo mai haske a kafaɗarsa, ba ƙaiƙayi ba zafi. Bai kula ba sai ran da yake alwala ya ga ƙaya ta nutse a tafin ƙafarsa ta dama, ya zare ta, jini ya biyo, shi kuwa ko alamar zafi bai ji ba. Nan ya gane ciwon, don ya taɓa ganin yadda abin ya yi da wani kawunsa.

Akwai asibiti a Gwandu, ga shi kusa, amma a Gwandu ko ɗan acaɓa ya san Malam Ɗalha mai albasa. Birnin Kebbi kuma ba ta shiguwa, domin can Abdulrasheed yake aikin asibiti, mijin 'yarsa ta fari Zahra'u. Saboda haka sai ya riƙa tsallake duka biyun yana zuwa wani ƙaramin asibitin gwamnati a ƙasar Kalgo, inda babu wanda ya san sunan kakansa. A gida ya ce wa matarsa Rabi wani malami yake kai wa ziyara duk wata. Ita ma ba mai yawan tambaya ba ce.

Mai kula da masu wannan ciwo a can wani ne Basharu, gajere mai faɗi, wanda Allah bai ba shi kunya ba ko kaɗan. Kana shiga zai ce tuɓe riga, tuɓe takalmi, rufe ido, kamar yana magana da ɗan cikinsa. Ya kama ƙafar dattijo ya ɗora a gwiwarsa, ya yi ta tsikarin tafin da bakin biro yana tambaya ko an ji. Ya buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, har ya sunsuna. Malam Ɗalha ya tsani ranar zuwa asibitin nan, kuma da a lokacin wani ya tambaye shi ko ya gamsu da aikin Basharu, da a zuci ya ce a'a, ko da baki ya yi godiya.

Amma Basharu ya gaya masa magana guda tun ranar farko, bai kuwa yi mata kwana-kwana ba.

"Malam, maganin ga shina kashe ƙwayar cuta, amma ba shi maido da jin ƙahwa. Tunda ba ta jin zahi, sai an riƙa dubinta da ido. Kowane wata ka tuɓe in gani, in ba haka ba wata rana sai an yanke."

Haka aka yi ta yi. Magani kyauta, na shekara guda. Duk wata ya haɗiyi na farko a gaban Basharu, ya soke sauran a aljihun ciki ya kama hanya. Fatarsa ta ɗan yi duhu, mutanen Malisa suka ce ranar fadama ce.

Ana cikin haka, wata safiya da damina ta yi nisa, ya yi sallama a ƙofar ɗakin karɓar magani, aka amsa da wata murya da ba ta Basharu ba. Ya ɗaga labule. Abdulrasheed ne zaune a kujerar, da farar riga, an yi wa Basharu canjin wurin aiki an kawo shi. Wanda aka yi ta kewaye gari guda don kada a gamu da shi, ga shi nan an ajiye shi a bayan tebur.

Ba a san wanda ya fi wani jin kunya ba. Abdulrasheed ya yi zumbur ya miƙe, ya zare takalmansa, ya zagayo ya durƙusa a kan siminti kamar yadda ya saba in ya je gaisuwa Malisa. Ya gaida Baba, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi damina. Malam Ɗalha yana tsaye yana amsawa yana kallon wani hoton sauro da aka manna a bango. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da sun yi rige-rigen shiga. A ƙarshe dai yaron ya ɗauko magani da kofin ruwa ya miƙa da hannu biyu, ya kawar da kai har aka haɗiye, don ba a kallon suruki yana sa abu a baki. Ya tambaya ko jiki da sauƙi, aka ce alhamdu lillahi. Maganar tuɓe riga ko takalmi ba ta taso ba.

Wanda bai san mu ba zai ce wannan ai shirme ne, aiki daban, surukuta daban. Faɗa ce da sauƙi. Yaron da ko ruwa bai taɓa sha a gaban mutumin nan ba, da wane baki zai ce masa Baba miƙo ƙafarka? Shi kuma dattijon da ko hula ba ya cirewa in mijin 'yarsa na zaure, yaya zai tuɓe masa riga ya nuna tabon kuturta? Abdulrasheed ya yi tunanin haɗa shi da abokin aiki, amma abokiyar aikin tasa guda ce a asibitin, kuma ungozoma ce, wadda ta fi shi zama abin kunya ga dattijo. Malam Ɗalha ya yi tunanin komawa wani asibitin, amma sai an nemi izini wurin wanda ke bayan teburin, wato sai an yi magana. Maganar ce kuwa ba mai iya farawa.

Sai suka daidaita a kan abin da ya fi sauƙi. Duk wata Abdulrasheed ba ya barin Baba ya bi layi. Ya durƙusa, ya gaishe shi, ya miƙa magani, ya raka shi har bakin titi ya tsayar masa da mota. Bai gaya wa Zahra'u ba, aikinsa ya hana, kunya ma ta hana. Malam Ɗalha kuwa, a gaskiya, sai ya ji ya fi samun natsuwa da zuwa asibiti. Ba mai daka masa tsawa, ba mai sunsuna masa ƙafa.

Da aka zo girbin gero, kututturen kara ya huda silifas ɗinsa ya shige ƙarƙashin babban yatsan ƙafarsa ta dama. Sai da yamma ya gani. Ya wanke da ruwan gishiri, ya ɗaure da tsumma, da gari ya waye ya koma gona, tunda abin da ba ya zafi ba ya hana tafiya. Ramin bai rufe ba. Aka shiga ban ruwan albasa, ya yini yana taka laka, ramin ya ƙara faɗi ya soma ruwa. Sai ya shiga kasuwar Gwandu ya sayi baƙin sau-ciki da safa mai kauri, ya daina cire safar ko a masallaci. Abokansa suka yi ta tsokanarsa wai ya zama ɗan boko da tsufa, ya bi su da murmushi.

Abdulrasheed ya ga sau-cikin tun zuwan farko, ya kuma san abin da ke sa mai irin wannan ciwo ya rufe ƙafa kwatsam. Ya sha jinin jikinsa, amma ya miƙa magani kamar kullum. Wata na biye, bayan ya raka Baba ya dawo, ya tarar da danshi a kan siminti daidai inda ƙafar dama ta tsaya, ƙudaje har sun sauka. Ya tsaya yana kallon wurin. Sannan ya ɗauko tsumma da ruwan magani ya goge da kansa, tun kafin ungozoma ta gani. Ran nan bai iya cin tuwon dare ba, Zahra'u ta tambaya ya ce gajiya ce. Ya yi wa kansa alkawari wata mai zuwa zai yi magana. Wata mai zuwa ya zo, ya durƙusa, ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne yaya aka ji da sanyi.

A ranar karɓar magani ta gaba ne wata Hajiya Khairiyya ta zo daga Birnin Kebbi. Aikinta ta zagaya ƙananan asibitoci ta ji daga bakin marasa lafiya ko sun gamsu da yadda ake kula da su. Aka sa mata benci a barandar asibitin, ta riƙa kiransu ɗaya ɗaya. Tagar ɗakin Abdulrasheed a buɗe take, duk abin da aka faɗa yana shiga kunnensa.

Wasu sun yi ƙorafi, wani ya ce ana daɗewa a layi, wata ta ce hanya ta yi nisa. Da aka zo kan Malam Ɗalha sai ka ce maroƙi aka ɗauko. Magani bai taɓa yankewa ba. Bai taɓa jira ba. Girmamawa kuwa, har ƙasa ake gaishe shi. Hajiya ta ji daɗi, ta tambaya ko ana duba masa hannu da ƙafa duk zuwa. Ya san in ya ce a'a, abincin 'yarsa ya taɓa.

"Awo, shina dubawa. Kowane wata sai ya duba. Ba ni da abin cewa ga yaron ga sai godiya."

Mutumin da ko a cinikin albasa ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, yau ya yi ta da furfurarsa, ya kuma yi ta ne don rufa wa Abdulrasheed asiri. Kafin ta tafi Hajiya ta leƙo ta tagar ta ce masa ta zagaya wurare da yawa ba ta ga wanda ya gamsu kamar tsohon nan ba, ya ci gaba da yadda yake yi. Ya ce ya gode. Wata irin kunya ta rufe shi wadda ta danne waccan da ya daɗe yana ji.

Malam Ɗalha ya yi sallama ya shigo. Wannan karon Abdulrasheed ya tura ƙofa ya sa sakata, ya jawo kujerarsa ya roƙi Baba ya zauna. Ya zare takalmansa ya durƙusa kamar kullum, ya yi gaisuwa har ƙarshenta. Sai dai bai tashi ba.

"Baba, ka gahwarce ni."

Ya miƙa hannu ya kama sau-cikin dama. Dattijon ya ɗan ja ƙafar baya, sannan ya sake ta. Ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya rufe fuska. Takalmin ya fita da sauƙi, safar ce ta manne, sai da aka jiƙa ta da ruwan ɗumi aka ɓamɓare a hankali. Wari ya cika ɗakin. Yatsan ya kumbura ya yi baƙi, ramin da ke ƙasansa ya zurma har ana hango ƙashi. Abdulrasheed yana wankewa yana tuna danshin da ya goge, lokacin da wanki da hutu kawai za su iya rufe ramin.

"Baba, sai mun tahi Birni yau."

Dattijon ya sauke hannun rigarsa ya miƙe. Suka shiga mota ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba, kowa yana kallon tagarsa.

A babban asibiti likitan da ya duba bai ɓoye fushinsa ba. Ya ce sauran ƙafar za ta tsira in Allah ya so, amma babban yatsa da ƙashin da ke bayansa sai an cire, kuma tafiyar fadama ta ƙare. Ya juyo ya tambayi wanda ke ba tsohon magani duk wata, wane irin ma'aikaci ne zai bar ciwo ya kai haka bai gani ba. Bai san wanda ke tsaye a gefen gado riƙe da baƙin sau-ciki ba, ya ɗauka ɗan rakiya ne.

Malam Ɗalha ya riga kowa magana.

"Laihina na, likita. Ba ni zuwa asibitin, aike nika yi a amso min."

"Shina zuwa, likita," in ji Abdulrasheed. "Bai taɓa hwashi ba. Ni ka ba shi magani."

Likitan ya dube shi daga sama har ƙasa, sannan ya faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa, a gaban ma'aikata da masu jinya da sauran marasa lafiya. Abdulrasheed ya tsaya kansa a ƙasa. Malam Ɗalha ya juya fuskarsa bango, hawaye na bin gemunsa, yana jin ana wanke mijin 'yarsa tas a bainar jama'a saboda shi. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai. Yatsan kuwa, da aka cire shi washegari, bai ji komai ba.